Wuƙar da Ta Ga Yaƙi

A kasuwar Maigatari, wani Alhaji mai tara wuƙaƙe don adon falo ya tsaya yana jujjuya wuƙar da Ɗantsoho makiyayi ya kawo sayarwa.

"Ƙirar Damagaram ce, mu masana da gani mun sani. Dubi yadda bakinta ya cinye! Baba, wannan ta ga yaƙi."

"Ranin bara ta gani, Alhaji. Da ita na bi shanuna ina yankawa kafin su zama mushe."

"To don me za ka rabu da ita?"

"Ba sauran abin yankawa."

Alhaji ya gyara zaman hula. "Ni dai in baƙi sun tambaya, cewa zan yi da ita aka kashe zaki."

"Faɗi abinka, Alhaji. Shanun ba za su ƙaryata ka ba."