Hannu Ko Koma a Bakin Tekun Jidda

Da la'asar a bakin tekun Jidda, wani magidanci haifaffen garin ya jawo kifin hamur da fatsa har gindin duwatsu, ya rarumi komar kwasar kifi. Wani dattijo mai wucewa ya tsaya.

"Ci za ka yi ko saki?"

"Saki, ya ammi, baffana. Hoto kawai nake so."

"To ajiye komar nan. Zarenta zai goge masa yauƙin jiki, bayan kwana uku ya mutu a ruwa."

"Da hannu? Hamur fa yana yanka yatsu!"

"Na wanda bai iya ba. Ni Nomau a bakin kogin Komadugu na girma. Riƙe sandarka."

Dattijon ya tuɓe takalmi, ya shiga ruwa har gwiwa.

"Ka gani? A jiƙa hannu, a tallabi ciki, a zare ƙugiya. Tafi abinka!"

"Ya salam, ko ƙwarzane babu! Amma halas, shi ke nan, hotona ya tafi."

"Ɗauki hoton hannun nan. Shekara ashirin da biyu ina dakon kwali a unguwar Khumra, ban taɓa kifi mai rai ba. Ɗauka in aika Diffa, su ga bai manta ba!"