Doyar Hajiya Ta Tsaya a Yendi

AZARA: Alo? Wa ke nan?

MUTAWAKILU: Salamu alaikum, Hajiya. Ni ne direbanki.

AZARA: Wa alaikumus salam. Mutawakilu! Ina kwana?

MUTAWAKILU: Lafiya lau. Ya Salaga? Ya gwiwar taki?

AZARA: Gwiwa tana nan da halinta. Ya hanya? Ya Lamisi, ta warke?

MUTAWAKILU: Matar gida ta samu sauƙi, tana gaishe ki.

AZARA: Madalla. Kun shiga Bawku ke nan?

MUTAWAKILU: Ina Yendi.

AZARA: Ina? Layin yana tsinkewa. Binduri ka ce?

MUTAWAKILU: Yendi, Hajiya! Yendi!

AZARA: Tun jiya da ka ɗauki doya a Kpandai? Motar ce ta lalace?

MUTAWAKILU: Lafiyarta ƙalau. Ni ne na kashe ta.

AZARA: Ka kashe ta? A wannan rana? So kake doyata ta dahu a bayan lori?

MUTAWAKILU: Hajiya, shekara ashirin da biyu ina ɗaukar miki doya. Na san yadda take kwanciya a mota. Tun Bimbilla, in na faɗa rami sai in ji ƙarfe yana amsawa a baya. Na ce ba zan hau tudun Nakpanduri da kayan da ban sani ba. Na tsaya na ɗaga doyar.

AZARA: To?

MUTAWAKILU: Akwatuna ne a ƙasa, an rufe da ciyawa. Na fasa ɗaya. Bindigogi ne, sababbi, har da mansu. Da harsasai.

AZARA: Innalillahi! Rage murya, kai! Wa ya yi lodin?

MUTAWAKILU: Jalil ne. Ya ce in je in ci abinci in huta, shi zai tsaya a kan masu lodi.

AZARA: Wane Jalil?

MUTAWAKILU: Jalil nawa kika haifa, Hajiya?

AZARA: Ƙarya ne! Ɗana kayan ban-ruwa ya ce zai haɗa a motar, na wani babban mutum, za su tsallaka iyaka. Da idona na ga takardar!

MUTAWAKILU: Ga ta a hannuna. Injin ban-ruwa aka rubuta. Da na kira shi ya ce in rufe bakina, wai mutumin yana da izinin gwamnati. Na ce izinin me? Bindiga ba ta fita ƙasa sai da takardarta ta musamman, kuma inda ake kashe juna ba a bayarwa. Can tsallake kuwa yaƙi ake. In yana da izini, me ya kai kayansa ƙarƙashin doya?

AZARA: Saurara. Saurare ni da kyau. Mayar da doyar yadda take. Ka kai, ka sauke musu tsiyarsu, ka dawo. Jalil kuma ka bar ni da shi.

MUTAWAKILU: A'a.

AZARA: Me ka ce? Ban ji ba.

MUTAWAKILU: Kin ji, Hajiya. Layin bai tsinke ba. Na ce a'a.

AZARA: Ni kake ce wa a'a? Maigidana marigayi Alhaji ne ya koya maka riƙe sitiyari! A gidan nan aka ɗaura maka aure!

MUTAWAKILU: Ban manta ko ɗaya ba. A gidan nan kuma kika zauna da Lamisi kwana uku tana kuka, da aka harbe ƙanenta Zakir a hanyar kasuwar Bawku. Bindigar da ta kashe shi a kan bishiya ta tsiro? Wani direba ne ya ɗauko ta, ya ce ba ruwansa.

AZARA: Waɗannan ai wucewa za su yi, ba Bawku za su tsaya ba.

MUTAWAKILU: Su wuce da lori, su dawo a kan babur! Mun sha gani. Ko ba su dawo ba ma, na can ɗin ba uwa ce ta haife su ba?

AZARA: To ajiye makulli. Zan turo wani direban. Aikinka ya ƙare yau!

MUTAWAKILU: Ya ƙare ɗin. Amma makulli yana aljihuna, kuma ga ofishin 'yan sanda ina kallonsa. Kiran nan na girmamawa ne, ba izini nake nema ba.

AZARA: Mutawakilu, don Allah. Shi kaɗai ne namiji gare ni. In ka shiga wurin nan, ɗaure shi za su yi.

MUTAWAKILU: Ba shi za su fara ɗaurewa ba.

AZARA: Kamar yaya?

MUTAWAKILU: Ba sunansa a takardar ko sau ɗaya. Sunanki ne. Lori naki. Kuma doyar da ya rufe akwatunan da ita, kowace ɗaya ya shafa mata shuɗin fentinki a kai.

AZARA: Alamata?

MUTAWAKILU: Taki. Ya ce min da bakinsa: masu shinge in sun ga shuɗin Hajiya ba sa hawa mota, hannu kawai suke ɗagawa.

AZARA: Shekara talatin ba a taɓa samun ko buhun shinkafar sumoga a motata ba...

MUTAWAKILU: Shi ya sa ya zaɓe ta.

AZARA: Ɗan cikina...

MUTAWAKILU: Alo? Hajiya? Kina nan? Katina ya kusa ƙarewa.

AZARA: Ina nan. Ka taɓa sauran akwatunan?

MUTAWAKILU: A'a.

AZARA: Kada ka taɓa. Kada ka goge shuɗin ko a doya ɗaya. Shiga ka faɗa musu komai, ka ce mai alamar tana tafe da ƙafarta, kafin la'asar ina Yendi.

MUTAWAKILU: Da wannan gwiwar? Jalil fa?

AZARA: Ga shi nan yana sallama a zaure. Ya kawo min koko da ƙosai, ɗan albarka. Tare za mu zo.

MUTAWAKILU: Hajiya, in ya ƙi fa?

AZARA: Ajiye wayar, Mutawakilu. Jalil! Shigo. Rufe ƙofar nan, ka ba ni makullin.