Ruwan Farko na Gonar Malam Audi Ne

Jawabin Malam Nata'ala na Faskari ranar sadakar arba'in ta Malam Audi Wanzami, a Unguwar Ɗinya, ƙasar Kankara, bazarar 1957.

Da sunan Allah nake buɗe baki, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Jama'a, assalamu alaikum.

Ina gai da wakilin mai gari da ke zaune nan gaba. Ranka ya daɗe, a kai gaisuwarmu, a kuma kai maganar yadda aka ji ta, don Allah kada a ƙara mata gishiri a hanya. Ina gai da Malam Liman da sauran malamai, da dattawan gari. Ina gai da Goggo Suwaibatu, matar marigayi, da ke ji na daga bayan danga, da 'ya'yanta Baraka da Mairo; Allah ya ba ku haƙuri. Ina gai da 'yan'uwa da suka tako daga Kankara da Daudawa da Faskari, har da na Sabuwa da suka kwana a hanya. Ku kuma 'yan doka da ke tsaye cikin rana, ku matso inuwa ku ci gumba. Sadaka ce, ba ta da jam'iyya.

Ku dubi filin nan yadda ya cika. Shekara da shekaru Malam Audi yana neman izinin yin lacca a nan. In ya nemi ranar kasuwa, a ce zai ta da hankalin masu ciniki. In ya nemi wata rana, a ce zai hana mutane aiki. In ya koma, a ce mai ba da izinin ya yi tafiya. Yau ga ku nan kamar an yi shela, ba wanda ya tambayi kowa. Ashe sai ya mutu za mu zo mishi taro! Wallahi abin na ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ya kasance wanzami, ɗan wanzami. Da wuya a sami namiji a filin nan wanda askarsa ba ta bi ta kansa ba. Shi ya yi wa 'ya'yanmu askin suna, shi ya cire musu beli, shi ya yi musu kaciya, na talaka da na gidan sarauta duka. Da aka hana shi lacca, sai ya ce mini, "Malam Nata'ala, ba komi. Sun hana ni tara mutane, to zan bi su kai-kai." Ya rataya zabira, kasuwar Kankara yau, ta Faskari gobe, har Sabuwa. Sai ya jiƙa maka kai, ya aske rabi, sannan ya soma: "Wai shin bana gonar wa ka fara shukawa?" Ina za ka da rabin aski? Wa kuma zai yi gardama da mai aska a ƙeyarsa? Dole ka ji laccar har ƙarshe, ka kuma biya ladan aski.

Ya kasance mai magana guda, bai taɓa sake ta ba. Kun san al'adar da aka ɗora mana: ranar da ruwan shuka ya sauka, kafin kowa ya taɓa tasa gonar, kowane gida ya fid da namiji da sungumi a tafi gandun mai gari. In an gama can, laima ta tafi, sai talaka ya dawo ya zuba irinsa cikin busasshiyar ƙasa yana duban sama. Malam Audi ya ce wanga ba gayya ba ce, don gayya ana ramawa, ana kuma ba da fura. Ya ce ruwan farko Allah ya aiko shi ga kowa, ba a ga sunan wani a jikin hadari ba.

Gwamnati ta ce ai an hana aikin tilas. Madalla! An hana shi a can inda ake magana da Turanci, labarin ne dai ya ɓace a hanya bai iso nan ba. In mun yi ƙara a ce mu bi ta hannun mai gari, wato ka kai ƙarar kura wurin kura. In mun ce a gyara, manya su ce a bi sannu, talaka bai nuna ba tukuna. Bai nuna ba? Ya nuna wajen haraji, ya nuna wajen jangali, ya nuna wajen ɗaukar kaya da gyaran hanya. Sai in zai buɗe baki ne ake tuna ɗanye ne. Wane irin duma ne wannan da ke nuna gefe guda?

Amma ba gwamnati kaɗai nake jin haushi ba. Ku tuna bara waccan. Mun taru a zauren Malam Audi, muka yi alkawari in ruwa ya sauka kowa gonarsa zai nufa. Har da masu rantsuwa, har da masu dukan ƙirji. Ruwa ya zo, mai shela ya buga ganga. Ina mazan? Wannan ya ce surukinsa bafade ne. Wancan ya ce shi dai zai leƙa gandu ne ya dawo. Wani zazzaɓi ya kama shi nan take, amma zazzaɓin bai hana shi riƙe sungumi a gandun ba. Da aka zo kamu, mu da aka samu a gonar Malam Audi igiya guda ta ishe mu, har ta yi saura.

Ya kasance mai ban dariya ko a inda ba a dariya. Da aka kai mu gidan yari, wani gandiroba ya zo da aska mai tsatsa zai yi mana ƙwal. Ya ja sau biyu, Malam Audi ya riƙe mishi hannu ya ce, "Yaro, wannan aski kake ko sassabe? Kawo nan." Ya wasa ta a bakin dutse, ya aske mu, ya aske gandiroban. Sannan ya dube ni ya ce, "Mutanen da ko aski ba su iya ba, su ne ke cewa ba mu isa riƙon kanmu ba." A can ya kwaso tarin da bai sake shi ba har ya kai shi kushewa.

Da ya fito fa, mi muka yi mishi? Aka raɗa cewa wanda ya zauna gaban Malam Audi ba ya tare da mai gari. Sai ga dattawa da gemu suna zagayawa ta bayan kasuwa kada su haɗa ido da shi. Gari ya cika da kawuna buzu-buzu. Wasu suka kai kansu wurin ɗan koyo, ya yi musu zane kamar an yi faɗa da muzuru. Ina ganin tabon daga nan, ba zan kira suna ba. Shi ko ko sau ɗaya bai zage ku ba. Cewa yake, "Tsoro ne, Malam Nata'ala, tsoro kuma kamar gashi yake, sai an yi ta askewa."

To, ga abin da ya sa ban tsaya ga addu'a kawai ba. Goggo Suwaibatu tana cikin takaba, ba za ta fita ba sai damina ta yi nisa. Baraka tana ɗakinta a Sabuwa, Mairo ba ta kai riƙe sungumi ba. Malam bai bar ɗa namiji ba. Kun san dokar garin nan: gonar da ruwa ya wuce ba a shuka ta ba, ta zama saura, mai gari ya ba wanda ya so. Na kuma ji har an riga an je an taka iyakar gonar Malam Audi. Ranka ya daɗe wakili, in ƙarya aka faɗa mini, ga fili, ka ƙaryata ni, in ba ka haƙuri gaban jama'a.

Kun dai ji shirun da kunnenku.

Goggo, ki share hawaye, ki sa Mairo ta sauko da irin dawa daga rumbu, a sheƙe shi a ajiye bakin zaure. Baraka, ki koma ki gaya wa mijinki ya gyara sungumi. Ku kuma jama'a, ba na son rantsuwa, na ƙoshi da ita. Kada kowa ya ɗaga hannu, kada kowa ya doki ƙirji. Hadari ya soma haɗowa daga gabas, kuna gani. Ranar da ya zubo za ku ji ganga ta kira ku gandu. Hanyar gandu da ta gonar Malam Audi a gindin ɗinyar can suka rabu. Ni dai a gonar Malam za a same ni da sungumina, gayya kuwa ban taɓa jin an nemi izininta ba.

Na gode wa Malam Liman, na gode wa matan da suka daka gumba, na gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Malam Audi, ya yafe mishi kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya raya abin da ya bari. Allah ya ba shugabanni kunnen ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa in ruwan farko ya sauka, ƙafafunmu su san hanya. Amin. A shafa Fatiha.