Na Nuna Musu Maganina, Sun Ce In Tashi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Malam Ɗanjuma daga Southwest Washington, kuma raina a ɓace yake.

Gidan hayar tsofaffi nake zaune. Da ɓarin jikina ya shanye, masu gidan da kansu suka kafa mini ƙarfen dafawa a bayi, suka ce doka ce. Ciwon jijiya ya hana ni tsayuwar salla, likita ya rubuta mini man wiwi, har da katin hukuma. Ni da ko sigari ban san ɗanɗanonta ba!

Mu can gida, ba ka shigo da abu gidan mutum ka ɓoye masa. Na ja sandata har ofis, na gaida manaja, na nuna mata kwalbar maganin. Sai ga takarda, 'yata ta karanta mini: wai hukumar birni ta yarda da maganin, amma gwamnatin tarayya mai tallafa wa gidan ba ta yarda ba. In bar magani ko in tashi.

Ban yi boko ba, amma wace irin doka ce za ta ba ni madafa, ta hana ni miƙewa? Jama'a, wa ya san lauya? Ina gaida Alhaji Sule na Alexandria. Mai gabatarwa, ka shaida, kwalbata tana kan tebur, ni ma ina ɗakina.