Wankan da Na Hana

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Yabo ga Ubangiji!

Fasto ya ce in taƙaita. Fasto, ka yi haƙuri, yau kam ba zan iya ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rifkatu. Maigidana shi ne mai gyaran injin niƙan nan, Baban Rahila, ga shi can a bencin maza ya sunkuyar da kai don ya san abin da zan faɗa. Na san shaida da murmushi ake zuwa da ita. Tawa da fushi na zo da ita, kuma wasu daga cikin waɗanda nake fushi da su suna zaune a ɗakin nan sanye da ankon zumuntar mata. Kada wadda ta tashi.

Cikina na fari a Zurmi na yi shi, lokacin da aiki ya kai mu can. Ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kaina yana sara kamar ana daka a ciki, idona yana ganin wuta-wuta. Na faɗa wa mata, suka yi dariya, suka ce kumburin ƙafa alamar namiji ne. Zazzaɓin damina ya kwantar da ni, na sha jiƙo na tashi, na koma ɗiban ruwa da surfe. Awo kuwa ban taɓa zuwa ba. An ce iyayenmu ba su je ba, kuma ga mu nan.

Gwaggo Saratu, ƙanwar babana, ita ta raine ni bayan rasuwar innata. Ita ce kuma ta karɓi haihuwar yawancin yaran da ke makarantar Lahadi a nan Kaura. Ta zo Zurmi duba ni, sai naƙuda ta taso, ciki yana wata bakwai.

Namiji ne kuwa, ba su yi ƙarya ba. Amma ɗan mitsitsi, fatarsa ja wur, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Bakwaini.

Kun san al'adarmu, ba sai na koya muku ba. Jariri ya faɗo, a ɗora ruwa, a shafe shi da man gyaɗa, a dirje farin maiƙon nan na jikinsa da soso da sabulu, a ɗauraye, a sake. In ba a yi haka ranar farko ba, wai ƙarnin haihuwa zai bi shi har tsufa, ba mai son zama kusa da shi. Gwaggo ta yi wa ɗana wankan nan a tsakar gida, an ɗauke ruwan sama ke nan, iska tana kaɗawa. Da ƙauna ta yi, ina kallo, tana yi masa waƙa. Haka safe, haka yamma.

Ya daina kuka. Mata suka ce, "Kai, wanga yaro akwai haƙuri!" Ya daina kama nono, suka ce barci ne. Na taɓa ƙafarsa na ji ta da sanyi kamar gindin randa, na ƙara masa zani. Bai kai ranar suna ba.

Aka yi ta shigowa ana ce mini, "Allah ya kawo rayayye." Ana ce mini bakwaini dama sai wanda Allah ya ga dama. Na ce amin da baki, amma a zuciya na ɗaure fuska da Allah. Muka dawo Kaura da hanyar Zurmi ta lalace, kuka riƙa ganina a sujada ina tafi, ina motsa baki. Ba addu'a nake yi ba! Na daina yi wa Yesu magana kamar yadda mace ke daina yi wa maƙwabciya magana, tana wuce ƙofarta kullum ba sallama.

Da na sake samun ciki, Baban Rahila ya ce ko ana ha maza ha mata sai na je awo. Na je. A can na haɗu da wata nas, Musulma ce, mai faɗa kamar barkono, Allah ya saka mata da alheri. Ta ɗaura mini abin awon jini a hannu, ta dube ni ta ce, "Ke, hawan jini gare ki. Wa ya ce miki kumburin ƙahwa namiji na? Shi ka hiddo ɗa tun bai isa ba. Shi da zazzaɓin sauro, da aikin wahala, da ciki bisa ciki ba hutu. Kuma wadda ta taɓa haihuwar bakwaini tana iya sakewa."

Na sha magani yadda ta ce. Na kwana cikin gidan sauro har zufa ta ishe ni. Na ajiye taɓarya. Duk da haka, ranar kasuwar Shinkafi, maigida yana can yana gyaran inji, da hantsi faya ta fashe. Ciki bai kai wata takwas ba.

Jama'a, na yi fushi! A cikin keken da ya ɗauke ni zuwa asibiti, abin da nake ta faɗa a raina shi ne, me kuma na rage ban yi ba?

Mace na haifa, ƙarama kamar wanta. Nas ɗin nan ba ta nemi ruwa ba. Ta goge ta da busasshen ƙyalle, ta sa mata hula, ta buɗe rigata ta kwantar da ita a ƙirjina, fata da fata, ta ɗaure mu tare da zani. Na ce, "Sista, wanka fa?"

Ta ce, "Wane wanka? Wagga ɗiya ba ta da kitse ga jiki ko kaɗan. Ko ruwan zahi anka sa mata, yana bushewa sanyi ya shige ta. Sanyi shi ka kashe bakwaini. Sai ki ga ɗa ya yi shiru, ya bar tsotso, ƙahwa ta yi sanyi, ku kuna cewa haƙuri gare shi."

Ya yi shiru. Ya bar tsotso. Ƙafa ta yi sanyi. Matar nan ba ta taɓa ganin ɗana ba, amma ta zana mini mutuwarsa kamar tana tsaye a tsakar gidan nan na Zurmi. Ashe ba barci yake yi ba. Ashe yaron nan sanyi yake ji, ba shi da ƙarfin da zai faɗa, mu kuwa muna yaba masa haƙuri! Na fashe da kuka har nas ta daka mini tsawa, ta ce in yi a hankali, akwai mutum a ƙirjina.

Kwalbar da ake sa irin waɗannan jarirai sai Gusau, kuma nas ta ce tunda tana numfashi da kanta, ƙirjina ya isa kwalba. Ba sauƙi muka sha ba. Ba ta iya tsotso ba, sai in tatsa a ɗan kofi a riƙa ɗiga mata. Wani lokaci sai ta manta da numfashi, ƙirjinta ya tsaya cik, sai an murza mata baya ta ja iska. Idonta ya yi rawaya, shawara ta kama ta, aka kwantar da ita ƙarƙashin wata fitila shuɗiya har ta washe. Da za a sallame mu, nas ta ja mini kunne: ba wanka sai ta ce, a goge ta kawai. Ba jiƙo, ba bauri. Ba gashin cibiya, sai maganin da ta ba ni. Kada a riƙa karɓarta hannu-hannu, don ɗan tarin da babba zai yi ya wuce, ita yana iya kai ta ƙasa. In na ga wani canji, in dawo da gudu.

Washegarin dawowarmu gida, da safe, sai ga zumuntar mata. Wata da itace, wata da tukunya, Gwaggo a gaba da sabon soso da kwalbar man gyaɗa. Na san alheri ya kawo ku. Amma da kuka gan ni da jaririya a cikin riga, na ji abin da kuka ce. Wata ta ce goyon gaba sai biri. Wata ta ce wannan rashin bangaskiya ne, mun bar Allah mun kama maganar asibiti. Mai maganar ta san kanta, ba zan nuna ta ba.

Kafin in ankara an hura wuta, ruwa ya hau. Gwaggo ta miƙo hannu ta ce, "Kawo ta nan, ɗiyata. An riga an makara."

Ku gaya mini, wace 'yar arziki ce ke ce wa wadda ta goya ta a'a? Ban taɓa musa wa Gwaggo ba tun da nake. Ko ido ba na haɗawa da ita. Na ji hannuna da kansa ya fara kwance zanin. Sai na juya na shige ɗaki, na turo ƙofa, na jingina da ita.

A nan na yi wa Yesu magana, karo na farko tun Zurmi. Ba irin addu'ar da ake koya wa yara ba ce. Na ce, "Yesu, kana kallo aka wanke mini ɗa har ya mutu, ba ka ce komai ba! Ga su sun sake zuwa da ruwansu. Ni ba ni da baki a gaban Gwaggo, ka sani. In kana nan, in da gaske kana jin irina, ka ba ni baki yau. In ba haka ba, kada ka ƙara nemana."

Haka na faɗa masa, Allah ya gafarta mini. Bai kuma kore ni ba!

Ina tsaye a wurin, sai na ji motsi a ƙirjina. Yarinyar nan da ba ta taɓa shan nono sai da kofi ba, ta juya kai, ta lalubo, ta kama da kanta. Ta ja! Na ji jan nan har cikin bayana. Ba murya na ji daga sama ba, ban ga haske ba. Jan nonon nan na ji, na kuma san an amsa mini. Halleluya!

Na buɗe ƙofa tana kan tsotso. Na ce, "Gwaggo, ba za a yi mata wanka ba."

Gwaggo ta ce, "Mi kinka ce? Ke Rifkatu, ni kike hwaɗa ma haka? Ki bar ɗiya mace da ƙarni har ta girma? Wa za shi zamna kusa da ita? Wa za shi aure ta?"

Na ɗaga ido na dube ta. Na ce, "Gara ta yi ƙarni tana raye, Gwaggo. Wancan kin wanke shi tas. Yana ina?"

Na ga maganar ta shige ta. Soson ya faɗi daga hannunta. Ta sauke tukunyar da kanta, ta juye ruwan a gindin dalbejiya, ta ɗauki gyalenta ta fita. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har da mai maganar biri.

Wasu sun ce in je in ba ta haƙuri. Na yi kukan zafin da na sa mata, don ita ce uwata, kuma ba mugunta ta yi wa ɗana ba, abin da aka koya mata ta yi. Amma maganar ban janye ba, har yau ban janye ba. Fushina da wannan soso ne, da bakinmu mu mata, da muka gwammace jariri ya yi ƙamshi a kabari da a ce mun saɓa al'ada.

An jima ba ta tako gidana ba. Sai wata rana da azahar na gan ta a bakin ƙofa da 'yar hular ulu da ta saƙa. Ta zauna a tabarma, ta daɗe tana kallon yarinyar. Can ta ce, "Nawa biyu na, kahin a haihe ki. Dukansu bakwaini. Da hannuna na wanke su." Sai ta kwance ɗaurin ƙirjinta ta ce, "Aza min ita nan. Tahi ki yi wanka, ke kam kina bukata."

Tsohuwar nan ta zauna da jikarta a cikin riga, hawaye yana zuba a kan hular. Daga ranar muka riƙa karɓa-karɓa, ƙirjina da nata, har nas ta ɗora ɗiyar tawa, Rahila, a sikeli ta ce yanzu kam a wanke ta. Gwaggo ce ta yi mata wankan farko, a cikin ɗaki, ƙofa rufe, sama-sama, ba soso.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar mai fushi. Na gode masa da ya ba ni baki, ya ba ɗiyata numfashi, ya kuma bar mini Gwaggona. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ko da faɗa za ku je masa, ku je. Mai ciki ta je awo, kumburin ƙafa ba namiji ba ne. Kuma duk gidan da aka haifi bakwaini a ikilisiyar nan, wadda ta ɗauko tukunya za ta tarar da mu biyu a bakin ƙofa, ni da Gwaggo Saratu.

Ga Rahila can a cinyarta, tana cin ƙosan da aka hana ci a coci. Gwaggo, ɗaga ta su gani. Wadda ta ce ƙarni zai bi ta, idan an tashi kada ta wuce gida. Ta zo ta shinshina.

Yabo ga Ubangiji! Amin.