Kada A Shafa Wa Matakalar Asibitinmu Sheƙi

Shugaban kwamitin ginin asibiti, Malam Yamusa, mai unguwa, Liman da Fasto, Oga Nathan mai kula da aikin, iyayena da 'yan'uwana mata: sallama a gare ku duka. Na gode da kuka bar ni na yi magana kafin a ɗaga hannu.

Ni ce Hansatu, matar marigayi Dallatu mai aikin dutse. Makon jiya na fita takaba. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma shekara goma sha huɗu ina wanke rigar da ƙurar dutse ta cinye.

Na ji an ce saura kwana tara gwamnati ta taso daga Legas zuwa sabon babban birninmu, manyan baƙi za su zo buɗe ɗakin haihuwarmu, don haka za a shafa wa matakalar dutsen nan fenti mai sheƙi. A kan wannan na miƙe.

Na farko, man da ake shafa wa dutse iri biyu ne. Akwai wanda dutse ke sha, ya shige ciki, ya hana ruwa shiga, ya bar fuskar da kaushinta. Akwai kuma wanda ke kwanciya a sama kamar leda. Dallatu yakan ce mini, "Hansatu, wancan na ƙafa ne, wannan na ido."

Na biyu, Oga Nathan, kana wurin. A wani gida a Maitama, Dallatu ya ce a wanke dutsen matakala, a bari ya bushe kwana uku, a ba shi mai sau biyu. Mai gidan ya ce, "Ni sheƙi nake so, baƙi na tafe." Aka shafa. Da safe aka yi yayyafi. Dallatu ya ɗauko falen dutse a ka, ya taka matakala ta uku, santsi ya kwashe shi. Kai ka tallafe ƙeyarsa har asibiti, inda ya cika. Ban zo tona maka asiri ba. Na zo ne don kai ka fi kowa sani.

Baƙi za su hau sau ɗaya, da rani, su tafi. Masu hawa da damina mu ne: mace da naƙuda, mace da jariri a hannu. Ƙanwata Zulai, ga ta can, cikinta wata biyu.

Ga duwatsu biyu na kawo, ɗaya da man da Dallatu ya bari, ɗaya da fentinku, ga buta. Malam Yamusa, a zuba ruwa, ka cire takalmi ka taka kowanne. Wanda za ka yarda matarka ta taka, shi za mu zaɓa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sauki matanmu lafiya, Ya mai da kowa gida da ƙafarsa.

Na gode.