Man Jariri Mai "Nono"

A wani shagon mayukan shafawa a kasuwar Murshid Bazaar da ke Dubai, Hajiya Murjanatu da ta zo sari daga Kano ta tsare mai jiran shagon, Mukaila, mutumin zangon Kumasi.

"Kai, ba ni man nan mai nono da na saya bara. Jikana ake shafa wa, ƙurajen zafi sun dame shi."

"Hajiya, ba nono aka rubuta ba, nano ne."

"To malamin boko. Wace saniya ce ke ba da nano?"

"Babu saniya a ciki. Azurfa ce aka niƙa har ido ba ya ganinta. Shi ya sa suka ce yana ratsa fata nan take."

"Azurfa a jikin jariri? In ta ratsa, ta ina take fita?"

"Wallahi kamfani bai faɗa ba."

"Wace hukuma ta duba shi?"

"Ga tambari a kwalin."

"Na wa?"

"Na kamfanin."

Hajiya ta ja dogon tsaki. "Mai kaya ya shaidi kayansa ke nan. Kana da ɗa?"

"'Ya ɗaya, Shamsiya."

"Shi kake shafa mata?"

"Haba Hajiya! Ita ai man kaɗanya..." Sai ya kama bakinsa.

"Allah ya isa. Taka man kaɗanya, nawa ƙarfe."

Ta zaro waya ta kira 'yarta a Kano.

"Safiya, man Dubai ɗin nan, kar ya ƙara taɓa yaron. Kuma kar ki zubar a kwata, kajina a nan suke shan ruwa."